Baƙin Gilashi da Lafiyar Direba a Ƙasa Mai Zafi: Misali Daga Kan Iyakar Jibiya



Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani ƙaramin abu wanda ido ya saba da shi har ya daina lura da shi, watau ledar nan da akan manna a gilashin mota domin a rage hasken rana. A wurin yawancin jama'a baƙin gilashi alama ce ta ɗaya daga cikin abu biyu: ko dai mai motar babban mutum ne da ba ya son a gan shi, ko kuwa yana ɗauke da abin da ba ya son a gani. Ba kasafai akan tuna da cewa akwai batun lafiya a ciki ba, alhali kuwa ita kanta dokar da ta hana shi a Nijeriya ta ambaci lafiya a cikin dalilan da za su sa a halatta shi.

An zaɓi kan iyakar Jibiya domin misali saboda a nan ne abubuwa uku suka haɗu wuri guda: rana mai tsanani, da direbobi masu wuni a kan hanya, da kuma jami'an tsaro waɗanda aikinsu ya wajabta musu su ga abin da ke cikin kowace mota. Za a fara da bayanin wurin da yanayinsa, sa'an nan a duba abin da rana take yi wa jikin direba, da abin da gilashi yake tarewa da wanda ba ya tarewa, daga bisani a koma ga doka, a rufe da shawarwari.

Jibiya da hanyarta

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. A Magama ne hanya take karkata arewa, ta tsallaka iyaka ta bi ta Ɗan Isa har ta dangana da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. Hanya ce tsohuwa wadda fatake suka taka tun kafin Turawa su shata iyaka, kuma mutanen da ke ɓangarorin biyu dangin juna ne, harshensu ɗaya, cinikinsu ɗaya. A yau manyan motoci ne da ƙananan motocin haya suka gaji jakuna da raƙuma, suna jigilar hatsi da dabbobi da kayan masarufi da fasinja.

Aikin direba a wannan hanya bai tsaya ga tuƙi kaɗai ba, akwai jira mai yawa a cikinsa. Yana jiran lodi a tasha, yana jiran jami'an kwastam da na shige da fice su duba takardu, yana tsayawa a shingayen bincike. Wani lokaci kuma jiran yakan wuce na sa'o'i. An rufe iyakokin Nijeriya na tudu a watan Agusta 2019, ba a sake buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli 2023 aka sake rufe ta, motoci suka yi jerin gwano a bakin iyaka, sai a watan Maris 2024 ƙasashen biyu suka buɗe. A duk irin wannan jira, motar ita ce ɗakin direba, ita ce rumfarsa.

Wurin yana kimanin digiri 13 arewa da tsakiyar duniya. Ma'anar haka ita ce sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen tsakiyar Agusta, rana takan tsaya daidai tsakar ka da tsakar rana. Na Agusta yakan zo da gajimaren damina, amma na Afrilu yakan zo a tsakiyar bazara, lokacin da ma'aunin zafi yake yawan haura digiri 40 a Katsina da Maraɗi. Zafin kuwa ƙaruwa yake yi a yankin Sahel: ran 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a birnin Kayes na ƙasar Mali.

Abin da ke cikin hasken rana

Masana kimiyya sun kasa abin da rana take aikowa doron ƙasa kashi uku. Na farko shi ne hasken da ido ke gani, wanda ya ɗara kashi 40 cikin 100 kaɗan. Na biyu shi ne turirin zafi wanda ido ba ya gani amma fata tana jin sa, ana kiran sa infared, shi kuwa ya kai kimanin rabi. Na uku shi ne mafi ƙanƙanta, bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, ido ba ya ganin sa, fata ba ta jin sa a lokacin da yake ratsa ta, amma shi ne mai ɓarna a ɓoye. Sunansa ultrabayolet. Wanda yake isowa ƙasa daga cikinsa iri biyu ne. Akwai UVB, mai tsawon zango daga nanomita 280 zuwa 315, shi ne mai ƙona saman fata. Akwai kuma UVA, daga nanomita 315 zuwa 400, shi kuma yakan nutsa can cikin fata ya lalata zaruruwan da ke riƙe da ita, ya kuma ratsa cikin ido.

Wannan rabe-rabe shi ne ginshiƙin laccar baki ɗaya, domin kuwa abin da ya tare ɗaya daga cikin ukun nan ba lalle ne ya tare sauran biyun ba. Duhun gilashi yana nuna yawan hasken ganin da aka tare ne kurum. Ba ya ba da labarin zafi, ba ya ba da labarin ultrabayolet.

Game da ƙarfin rana kuwa, a tsakar rana idan sama ta washe, kowace murabba'in mita guda tana karɓar kimanin wat 1,000, watau kwatankwacin ƙarfin dutsen guga na lantarki. Hasken yana shiga ta gilashi, kujeru da sitiyari su sha shi, su mayar da shi zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. A shekarar 2005 wasu masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka auna motar da aka ajiye a rana, suka tarar a cikin sa'a guda zafin cikinta yakan ɗara na waje da kimanin digiri 22, kuma kashi 80 cikin 100 na wannan ƙari yana aukuwa ne a cikin rabin sa'a na farko. Sun kuma tarar ɗan sassauta gilashi bai rage wani abin a zo a gani ba. Idan aka ɗora wannan ƙari a kan digiri 40 na bazarar Jibiya, sai lissafi ya haura 60.

Gilashin gaba da gilashin ƙofa

Gilasan mota ba iri ɗaya ba ne. Na gaba falle biyu ne aka haɗa da siririyar roba a tsakani, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ya yi wa rajista a 1909 domin kada gilashi ya tarwatse idan ya fashe. Sai aka yi gamon katar, robar nan tana shanye kusan dukan ultrabayolet. Gilashin ƙofa kuwa, a yawancin motoci, falle ɗaya ne da aka gasa domin ya yi ƙarfi, idan ya fashe ya zube kamar tsakuwa. Yana tare mafi yawan UVB, amma yana barin UVA mai yawa ya wuce.

A 2016 wani likitan ido a Amurka, Brian Boxer Wachler, ya auna motoci 29 na kamfanoni 15, ya buga sakamakon a mujallar JAMA Ophthalmology. Ya samu gilashin gaba yana tare kashi 96 cikin 100 na UVA a tsaka-tsakin lissafi, na ƙofa kuwa kashi 71, a wasu motocin ma kashi 44 kacal. Ke nan ta gefe ne ɓarawon yake shigowa, gefen da direba yake jingine da shi.

A nan ya kamata a tuna cewa tun ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, kamar yadda ake yi a Nijar, saboda haka direba yana zaune a hagun mota, kuncinsa na hagu da damtsensa na hagu su ne a bakin taga. Shimfiɗar hanyar Jibiya ta ƙara wa abin armashi. Direban da ya taso daga Maraɗi da safe ya fuskanci kudu, gabas tana hagunsa, rana tana dukan tagarsa. Idan ya juya gida da la'asar ya fuskanci arewa, yamma ce a hagunsa, rana ta sake samun sa. Abokin aikinsa da ya tashi daga Magama da safe ya dawo da yamma, shi rana tana ɓangaren fasinja a zuwa da dawowa. Haka kuma mai tafiya daga Katsina zuwa Jibiya da yamma yana fuskantar rana ido da ido, a watannin hunturu kuma, lokacin da rana ta karkata kudu, tana bin hagunsa.

Wani abin lura kuma shi ne motocin da kan zo da duhun gilashi tun daga masana'anta, a gilasan baya aka fi sa duhun, na direba fari ne tas. Wannan ita ce inuwar giginya, na nesa ka sha ta.

Amfani ga fata

A 2012 mujallar likitoci ta New England ta buga hoton wani direban babbar mota ɗan shekara 69 wanda likitoci biyu na Jami'ar Northwestern a birnin Shikago suka duba. Ya shekara 28 yana tuƙi. Hagun fuskarsa ya yamutse, ya yi kauri, ya zazzago, sai ka ce ya girmi daman da shekaru masu yawa. Bincike-bincike a Amurka sun nuna sankarar fata ta fi yawa a hagun jiki, musamman a hannu da fuska. Hukumar binciken sankara ta duniya ta sa hasken rana a jerin tabbatattun abubuwan da ke haddasa sankara tun 1992. A 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan 19,000 suka mutu da sankarar fata wadda aiki a cikin rana ya jawo musu.

Adalci ne a faɗi cewa waɗannan bincike-bincike galibi a kan fararen fata aka yi su. Baƙar fata tana da sinadarin launi mai yawa wanda ke kare ta, shi ya sa sankarar da rana ke haddasawa ba ta yawaita a tsakanin Hausawa kamar yadda ta yawaita a Ostireliya ba. Sai dai kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma akwai mutanen da ba su da ita. Na gaba a cikinsu su ne zabiya, waɗanda fatarsu ba ta da wannan sinadari, kuma sankarar fata tana cikin manyan abubuwan da ke katse musu rayuwa tun da ƙuruciya a ƙasashen Afirka. Ga zabiya, tafiyar sa'a biyu a bakin tagar mota ba ƙaramin abu ba ne. Sai masu cutar lufus, wadda rana ke tayar da ita. Sai masu tabon ƙuna ko tsohon gyambo. Sai masu shafa man bilicin, waɗanda suka kankare kariyar da hannunsu. Sai kuma masu shan wasu magunguna da kan sa fata ta kasa jure rana, kamar tetirasaikilin da dangoginsa, da wani maganin hawan jini mai sa fitsari. Leda mai inganci tana tare kashi 99 cikin 100 na ultrabayolet, kuma ga irin waɗannan mutane ita magani ce kamar kowane magani.

Wani zai ce ai jiki yana bukatar rana domin ya sarrafa sinadarin bitamin D. Gaskiya ne, amma UVB ne ke wannan aiki, shi kuwa farin gilashi ma ya riga ya tare mafi yawansa. Saboda haka leda ba ta rage wa direba komai ta wannan fuska ba.

Amfani ga ido

Launin fata ba ya kare ido. Ultrabayolet yana cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido, watau dushewar ƙwayar da haske ke bi ta cikinta. Haka kuma yana da hannu, tare da ƙura da busasshiyar iska, wajen tsiron naman nan da kan taso daga gefen farin ido ya doshi baƙin, wanda ya yawaita a ƙasashe masu rana. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na wannan makanta. Tsufa ne babban dalilin yana, ciwon sukari da shan taba suna taimakawa, amma rana tana cikin dalilan da mutum yake da ikon ragewa. Direba kuwa idonsa ne jarinsa. Ranar da ganinsa ya dushe, ranar ce abincin iyalinsa ya tsaya.

Ban da wannan illa ta tsawon shekaru, akwai ta nan take, watau kashe ido. Hasken da ke tashi daga kwalta da farin yashi da gilasan wasu motoci yana sa direba ya yi ta runtse ido, jijiyoyin fuska su gaji, kai ya ɗauki ciwo. Leda matsakaiciya a gilashin ƙofa tana rage wanda ke shigowa ta gefe. Wanda ke zuwa ta gaba kuwa, maganinsa shi ne marfin rana na saman gilashi, da tabarau mai tare ultrabayolet, da wanke gilashin gaba, domin ƙurar hunturu tana watsa haske ta ninka kashe idon.

Amfani wajen rage zafi

Jikin ɗan Adam yana aiki ne a kan digiri 37. Idan zafi ya matsa masa sai ya tura jini zuwa fata, ya zubar da gumi, zuciya ta ƙara bugu. Idan aka daɗe a haka ba tare da mayar da ruwa ba, jini yakan yi kauri, ƙoda ta wahala, tsakuwar ƙoda ta samu wurin zama. Idan zafin cikin jiki ya haura digiri 40, hankali ya fara gushewa, to an shiga halin da ke iya kisa a cikin sa'o'i. Masu hawan jini da masu ciwon sukari da tsofaffi sun fi shiga haɗari. Haka ma masu amosanin jini, waɗanda ƙishirwa take tayar musu da ciwo, ga shi kuwa babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan cuta. Jikin ƙaramin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi ninkin ba ninkin.

Tun kafin a kai ga rashin lafiya, zafi yana taɓa hankalin direba. A wani gwaji da aka yi a ƙasar Suwidin aka buga a 1996, an sa direbobi tuƙi a mota mai zafin digiri 21 da mai digiri 27. A mai digiri 27 alamun da suka kuɓuce musu sun ƙaru da rabi, kuma sun ƙara jinkiri da kashi 22 cikin 100 kafin su amsa alama. A 2015 masu bincike a Jami'ar Loughborough ta Ingila suka tarar direban da ke da 'yar ƙishirwa yana ninka kurakuransa. To, idan digiri 27 ya yi haka, mai sauraro ya ƙaddara abin da digiri 45 zai yi wa mutumin da ya ɗauko rayuka goma a bayansa.

Leda mai tare infared tana rage turirin da ke dukan fatar direba kai tsaye, tana kuma sauƙaƙa wa na'urar sanyaya mota aiki, mai ya ɗan ragu. Akwai kuma ƙarin fa'ida: idan gilashin ƙofa ya fashe, ledar takan riƙe ɓaraguzan kada su watsu a fuska.

Iyakar amfanin

Kowane allazi da nasa amanu. Abu na farko, leda ba ta aiki sai gilashi yana rufe. Yawancin motocin haya da manyan motocin da ke bin hanyar Jibiya ba su da na'urar sanyi mai aiki, dole a sauke gilashi a sha iska, ledar kuma ta sauka tare da shi cikin ƙofa. Ga irin wannan direba, riga mai dogon hannu da hula da tabarau sun fi leda amfani. Buzaye da suka naɗe fuska da rawani da amawali, suka sa tufa mai yalwa, sun riga masana kimiyya gane wannan.

Abu na biyu, motar da ke tsaye a rana za ta yi zafi ko da leda ko babu, domin zafi mai yawa yana shiga ta gilashin gaba da rufi. Leda jinkirta shi take yi. Kada wani ya dogara da ita ya bar yaro a rufe cikin mota, ko na ɗan lokaci ne.

Abu na uku, ledoji iri-iri ne. Tun da kamfanin 3M ya yi rajistar ledar tare rana a 1966 aka yi ta inganta ta. Akwai mai rini, ita ce mai araha, duhu take bayarwa amma ba ta tare zafi sosai, kuma rana takan koɗar da ita ta koma shuɗi-shuɗi ta yi ƙuraje. Akwai mai ɓurɓushin ƙarfe, tana mayar da zafi amma tana iya raunana sabis ɗin waya. Akwai mai sinadarin gawayi, akwai kuma mai ɓurɓushin tangaran, wadda ta fi tsada, ta kuma fi tare zafi ko da kusan fara ce. Ashe ke nan ana iya samun leda baƙa ƙirin marar amfani ga lafiya, a kuma samu fara tas mai cikakken amfani.

Abu na huɗu, duhu mai yawa haɗari ne. Idan gilashi yana barin kashi 80 cikin 100 na haske ya wuce, aka manna masa ledar da ke barin kashi 35, abin da zai isa idon direba kashi 28 ne kawai. Da rana ba a lura, amma da almuru, ko cikin hazon hunturu, direba yana bukatar ganin madubin gefe, da mai babur marar fitila, da amalanken shanu, da garken da ke tsallaka titi. Ido kuma ƙara bukatar haske yake yi idan shekaru sun ja. Shi ya sa ƙasashe da dama suka sa ƙa'ida da lamba. A Birtaniya dole gilashin gaba ya bar kashi 75 ya wuce, na ƙofofin gaba kashi 70. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasa mai zafi irin na nan, ta yarda tun 2017 a yi duhun da bai wuce kashi 50 ba, ban da gilashin gaba. Kotun Ƙoli ta Indiya kuwa a 2012 ta hana manna leda gaba ɗaya saboda miyagun ayyukan da ake yi a bayanta.

Doka da tsaro

A Nijeriya dokar soja mai lamba 6 ta 1991 ce ta hana duhunta gilashin mota, kuma an shigar da ita kundin dokokin tarayya na 2004. Ta tanadi tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Ta kuma ba Sufeto Janar na 'yan sanda ikon ba da izini idan akwai ƙwaƙƙwaran dalili, ta fassara dalilin da lafiya ko tsaro. A watan Yuni 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da izinin saboda taɓarɓarewar tsaro. A 2025 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya maido da shi ta hanyar intanet tare da biyan kuɗi, Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya ta kai ƙara kotu, a watan Oktoba na shekarar kuma rundunar ta dakatar da kame bisa umurnin kotu.

Babu mai hankalin da zai raina hujjar jami'an tsaro, balle a Jibiya, inda jama'a suka sha wahalar 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, inda kuma fasa-ƙwauri ya daɗe. Jami'in da ke tsaye a shinge yana da haƙƙin ya ga fuskar wanda ke tunkaro shi, wanda aka sace kuma yana da bukatar a hango shi. Bugu da ƙari, direban da ya tsallaka iyaka ya shiga ƙarƙashin dokar wata ƙasa, takardar da aka ba shi a gida ba ta ɗaure jami'in can ba.

Abin da kimiyya ta kawo a nan shi ne sulhu. Jami'in tsaro hasken gani yake bukata, likita kuwa ultrabayolet da infared yake son a tare. Tun da abubuwan nan daban-daban ne, farar leda mai inganci tana biyan bukatar kowannensu. Inda dokar 1991 ta gaza shi ne ta yi magana a kan duhu ba tare da ta sa masa lamba ba, sai hukunci ya koma ga idon jami'i, wannan kuwa ƙofa ce ta jayayya a kan titi.

Shawarwari

Na ɗaya, ga hukuma: a gyara dokar a sa mata ƙa'ida da lamba, a ba jami'ai 'yar na'urar auna hasken gilashi, wadda ba ta fi tafin hannu ba, domin awo ya raba gardama. A kuma sauƙaƙa izini ga zabiya da masu lufus da duk wanda likita ya ba shaida.

Na biyu, ga hukumar kula da ingancin kaya: a tilasta wa masu shigo da leda su rubuta kason haske da na ultrabayolet da na zafi a jikin kowane ƙunshi, a riƙa gwada gaskiyar abin da suka rubuta.

Na uku, ga ƙungiyoyin direbobi da masu motoci: a kafa rumfuna da randunan ruwa a tashoshi da wuraren jira na bakin iyaka, a dasa itatuwa, a shirya gwajin ido da na hawan jini ga mambobi ko sau ɗaya a shekara.

Na huɗu, ga direba: ya nemi leda don abin da take tarewa, kada ya saye ta don duhunta, kada kuma ya duhunta gilashin gaba. Ya ajiye mota a inuwa, ya rufe gilashin gaba da kwali ko farin ƙyalle idan zai daɗe, ya buɗe ƙofofi iska ta ratsa kafin ya shiga. Ya riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa ta kama shi, ya lura da launin fitsarinsa, idan ya yi ja ya san ruwa ya yi ƙaranci. Idan ya ji jiri ko ciwon kai mai tsanani, ya tsaya.

Na biyar, ga jami'o'i: alƙaluman da aka kawo a nan kusan duka daga Turai da Amurka suka fito. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a Maraɗi suna kan bakin hanya ɗaya. Da ma'aunin zafi da ma'aunin ultrabayolet da likitan ido guda, ɗalibansu za su iya auna motocin wannan hanya da idanun direbobinta, su kwatanta na Maraɗi da na Magama, su kuma kwatanta idon hagu da na dama.

Kammalawa

A taƙaice, an ga cewa gilashin ƙofa ne raunin mota ta fuskar rana, kuma leda mai inganci tana kare fata da ido, tana rage turirin zafi, tana taimaka wa direba ya riƙe hankalinsa. An kuma ga cewa amfanin yana ga ingancin ledar ne, duhu kuwa idan ya yi yawa yana cutar da gani yana kuma cutar da tsaro. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma rigakafin da zai jawo wata cutar ba shi da wani alfanu. Abin da ya rage shi ne likita da ɗan sanda da direba su zauna a kan tabarma ɗaya su tsayar da lambar da kowa zai yarda da ita.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sauka lafiya.